Ƙishi a Gidan Katikis Yusha'u

Fatakwal,
3 ga Fabrairu.

Goggo Jumai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau muke. Judith tana gaishe ki, yara ma haka. Ƙaramar ta yi famfara, yanzu ba ta yarda a ɗauke ta hoto.

Na san halinki, kin sha faɗa cewa maganar waya iska ce, babbar magana sai a takarda. Shi ya sa na zauna na rubuto. Zan ba direban da ke sauke fasinja a Kwangila ya kawo miki har gida.

Goggo, Allah ya yi mini abin da baki ba zai iya faɗa ba. Aikin da na daɗe ina nema ya fito, kuma ya fi yadda na roƙa. Tun ina yaro na yi wa Allah alkawari, ranar da ya ɗaga ni a gida zan zo in yi godiya, a majami'ar da aka yi mini baftisma. Na yi magana da limamin majami'ar, Kanon Barnabas, ya ba mu Lahadin da ke bin Ista. Baƙi za su zo daga nan da Abuja, manyan mutane ne, waɗansunsu ko Arewa ba su taɓa takawa ba.

To amma ba zan kai su gidan Kaka Yusha'u, katikis mai koyar da addini a majami'a, a yadda yake ba. Zauren nan na ƙasa ya tsufa, ko ƙyaure ba shi da shi, mutum da akuya kowa shiga yake yi kamar kasuwa. Tun da gaban gida da tsakar gida rabon mahaifina ne, na yanke shawarar a rushe zauren, a ja katanga mai tsawo, a sa ƙofar ƙarfe wadda mota za ta shiga, a shimfiɗa bulon intalok a tsakar gida. Bene zai biyo baya in Allah ya yarda. Sashenki na baya ba za a taɓa shi ba, sai dai fenti. Tsohuwar rijiyar nan za a rufe ta da kankare, don a wurin motoci za su riƙa juyawa. Injiniyana zai zo ya yi awo, ki sa a ba shi hanya.

Ki taya ni murna, Goggo. Gidan katikis zai zama abin nuni a Tudun Wada.

Ɗanki,
Kenneth.

Tudun Wada, Zariya,
13 ga Fabrairu.

Ɗana Kenneth,

Alherin Ubangiji ya tabbata gare ka da iyalinka. Takardarka ta iso, mai kauri kamar kwali, ga sunan kamfaninka da ruwan gwal a sama. Sai da na jujjuya ta kafin na gane wasiƙa ce ba katin biki ba. Gwiwa tana nan, ni da ita mun zama 'yan gida ɗaya, ranar da ta ga dama mu je kasuwa, ranar da ba ta ga dama ba mu zauna. Ka gaishe mini da Judith. Ka ce wa mai giɓi Goggo ma biyu ta rasa, kuma nata ba za su sake tsirowa ba.

Na yi murna ƙwarai, har na durƙusa a gaban gado na gode wa Allah, tashin kuwa sai da na dafa bango. Da yayana, mahaifinka, yana da rai ya ga wannan rana, da ya yi ta share ido yana cewa hayaƙin murhu ne. Allah ya ƙara buɗi, ya kuma ba ka zuciyar da za ta iya ɗaukarsa.

Injiniyanka ya zo, yaro mai ladabi, ya sha kunun zaƙi kofi biyu. Ya auna gabas ya auna yamma, ya leƙa rijiya ya ja da baya kamar wanda ya ga maciji.

Batun zaure ba zan ce komai ba, naka ne, ko da yake a cikinsa kakanka ya koya wa rabin tsofaffin unguwar nan karatu. Amma batun rijiya ka dakata tukuna. Kana can bakin teku, ba ka san irin ƙishin da ke cikin unguwar nan bana ba. Tun ranar da aka ga injiniyanka da igiyar awo mata ba su da zance sai naka, daga Hajiya Zinariya ta gidan da ke kallonmu har matan zumuntarmu na majami'a. Ni kaina ina fama da shi, ba zan ɓoye maka ba, wani lokaci har ya hana ni sukuni. Ka yi tunani, ka yi addu'a, kada ka yi gaggawa.

Ga kuli-kuli da daddawa nan na ba direba. Ka ce wa Judith ta shanya daddawar kafin ta adana.

Goggonka,
Jumai.

Fatakwal,
25 ga Fabrairu.

Goggo Jumai,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Saƙo ya iso, mun gode. Mu ma lafiya, sai dai ni ban sami kwanciyar rai ba tun da na karanta wasiƙarki.

A ofis na buɗe ta, na zo wuri ɗaya na kasa wucewa. Da a bakin wani na ji, da na ƙaryata shi. Amma da hannunki kika rubuta cewa kishi ya cika unguwa, kuma ke kanki kina fama da shi har yana hana ki sukuni. Goggo, ni? Ni da kika goya?

Na maƙwabta bai ba ni mamaki ba. Da Sadiq ɗan Hajiya Zinariya ya ɗora bene a gabanmu, ba wanda ya ce uffan, sai sambarka. Da ya shigo da motocinsa aka yi ta guɗa. Amma jikan katikis ya ce zai ja katanga a filin ubansa, sai unguwa ta ɗauki zafi. Sun saba ganinmu a ƙasa, a nan suke so mu tabbata. Shekara da shekaru suna shan ruwanmu kyauta, albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, yanzu ƙadangaren ne zai tsara wa kaza inda za ta ajiye kaskonta. Ba komai, hassada ga mai rabo taki ce.

Naki ne ya yi mini ciwo. Duk da haka na yaba da gaskiyarki, ba kowa ne zai iya furta irin wannan ba. Na nuna wa Judith, ta yi ƙwalla, ta ce jarabar Shaiɗan ce kuma ba ta barin babba ba ta barin yaro. Na kira Kanon Barnabas na roƙe shi ya sa ki cikin addu'a, musamman yanzu da azumi ya ƙarato.

Ki tuna, Goggo, ke kika koya mana a makarantar Lahadi cewa ba a kunna fitila a kife ta da kwano. Abin da Allah ya yi mini shaida ce, ɓoye ta kuwa butulci ne. Ina so duk wanda ya wuce ƙofar nan ya san Allahn da Kaka Yusha'u ya bauta wa ba matsiyaci ba ne.

Ga leshi nan Judith ta zaɓo miki, irin wanda ita ma za ta sa ranar, don kada ki ji an bar ki a baya. Aiki zai fara da zarar bulo ya iso.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Kenneth.

Tudun Wada, Zariya,
11 ga Maris.

Kenneth,

Ina gaishe ka domin Kirista ce ni, kuma an hore mu da gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ka cire hawan jinin da ka aiko mini tare da leshi.

Tashi ka ɗauko wasiƙata. Ka sa tabarau in kana da shi, ka je inda haske yake, ka dubi harafin farko na kalmar nan. Akwai ƙugiya a kansa. Ƙishi na rubuta, ƙishin ruwa, wanda ke busar da maƙogwaro. Ni da na ƙare ƙuruciyata a gaban allo ina bugun hannun yara a kan ƙugiya, har da naka hannun, ni ce zan manta da ita? Da abin da kake nufi nake nufi, ai da hassada zan ce, ko ƙyashi, kalmomin ba su ƙare mini ba. Ko Ubangijinmu a kan gicciye ƙishi ya ce yana ji. Allah ya sa ba kai za a ba karatun ba ranar Juma'ar tunawa da gicciyen, da ka sanar da ikilisiya wani sabon abu.

Bari ka ji abin da addu'arka ta jawo mini. Shekaranjiya Lahadi Kanon ya hau mumbari ya yi wa'azi a kan hassada. Wa'azi mai kyau, ina ta gyaɗa kai ina cewa amin. Sai na ji ya ce ciwon nan ba ya barin tsofaffi, ba ya barin shugabannin mata, har mutum ya kan ji zafin ɗan da ya goya. Ya faɗa yana duban bencinmu. Matar da ke gefena ta dafa cinyata ta ce, "Uwa, mu duka masu zunubi ne." Ni uwar zumunta, a gaban matan da nake jagoranta. Ban taɓa jin kunya da fushi sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba.

Da aka tashi na bi shi ofishinsa, na sa ya faɗa mini inda ya samo zancen. Na ɗauki alƙalaminsa na rubuta masa kalmomin biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya duba, sannan ya yi dariya har ya cire tabarau. Ni ban yi ba. Na ce ya gyara a inda ya ɓata, ya ce a bar kaza cikin gashinta, zance zai mutu da kansa. Bai mutu ba, har kasuwa ya riga ni zuwa.

Yanzu ga ƙishin da ka ƙi gani. Famfo ya daɗe bai ko yi tari ba. Rijiyoyin layinmu duk sun ƙafe, 'yan garuwa sun tsauwala, mai yara da yawa sai ta zaɓa tsakanin wanki da girki. Tamu ce kaɗai ta rage, don Baba, kakanka, bai daina haƙa ba sai da ya fasa dutse. Tun da sassafe ake layi a tsakar gidan nan. Bana azumin Musulmi ya haɗu da namu, in la'asar ta yi ka ga mata da bokiti leɓe ya bushe. Benen Sadiq da ya tsaya maka a rai, burtsatsensa ya ƙafe, masu aikin gidan a layin rijiyarmu suke. Ni kuma ciwon suga ne ke sa ni kwankwaɗar ruwa kamar raƙumi, ka sani sarai.

Tun da kai ka ɗauko zancen kishi, mu yi shi. Injiniyanka ya dawo, na gan shi da idona ya tsallaka titi ya auna katangar Sadiq. Na tambaye shi dalili, ya sosa ƙeya ya ce Oga ne ya ce a ɗara ta da bulo biyu. To wa ke kishin wa? Akwai sarkin nan a Maganar Allah da yake da fada da gonaki, amma ya kwanta ya juya wa bango fuska ya ƙi cin abinci saboda 'yar gonar maƙwabcinsa. Ba matalauci ne ya kwanta ba, mai fadar ne. Ido yakan karanta abin da zuciya ta riga ta rubuta, shi ya sa ƙugiyata ta ɓace maka.

Fitila kuwa, haka ne, ni na koya muku. Amma ana ɗora ta a sama ne don mutane su ga hanya, ba don su taru suna kallon fitilar ba. Wannan rabin darasin ina jin ranar ka yi fashi.

Abu na ƙarshe. Da aka raba gidan nan rijiya ba ta shiga rabo ba. Baba ya ce ruwa na Allah ne, shi rami kawai ya haƙa. Dattawan da suka zauna ranar ba duka suka mutu ba. Ba za a rufe ta ba ina numfashi.

Leshin yana wurin direba. Yana da kyau, na shafa shi, na yaba. Amma wanda aka aiko don a yi mini maganin ciwon da ba ni da shi, ba zan ɗaura ba.

Goggonka,
Jumai.

Fatakwal,
23 ga Maris.

Goggo,

Ina gaishe ki da ban girma, ina fata jiki ya lafa. Yara lafiya. Judith ta ce in ba ki haƙuri a madadinta.

Na ɗauko wasiƙar na duba. Ƙugiyar tana nan, 'yar ƙarama, daidai inda takardar ta naɗe. Na yi kuskure, na jawo miki magana a majami'a, ki gafarce ni. Na sake kiran Kanon na faɗa masa.

Amma Goggo, kin yi mini hukunci kamar ba ki san inda na fito ba. Kin manta bikin godiyar kakar amfanin gona da Baba ya kai kwanon wake ɗaya gaban bagaden majami'a, mai gwanjon kayan godiya ya ɗaga shi sama ya tambaya ko na tantabara ne? Masu bencin gaba suka kwashe da dariya. Ina tsaye kusa da shi, na ga yadda ya sunkuyar da kai yana murmushin dole. Kin manta da karo-karo aka sayi akwatin da aka sa shi? Kin manta kwancen Sadiq nake sawa in je makaranta, yara suna nuna ni suna faɗin mai rigar? Ke kina kiran wannan tawali'u. Ni na ɗanɗana shi, sunansa wulaƙanci. Talauci ba tsarki ba ne, kuma ba zan nemi gafarar kowa don Allah ya fisshe ni daga cikinsa ba. In katangata ta ɗara ta wani da bulo biyu, na daɗe ina kallon tasa daga ƙasa.

Ga abin da na yanke, kuma ina ganin adalci ne. Ba za a rufe rijiya ba, tun da kin ce ba ta cikin rabo. Amma katanga za ta tashi, ƙofa za ta hau, za a sa maigadi. Ba zan zuba dukiya a gida kowa yana ratsa shi da bokiti ba, zamani ya canza, ɓarayi sun yi yawa. A madadin haka zan haƙa wa unguwa burtsatse a waje, jikin katanga, da tanki da kawunan famfo, kowa ya ɗiba kyauta. Za a manna allon dutse a wurin don tunawa da Katikis Yusha'u, da sunan wanda ya yi aikin a ƙasa. Wannan ai ya fi guga da igiya.

Masu haƙar sun ce aiki ya yi musu yawa, sai bayan biki za su samu zuwa. Katanga kuwa dole ta rigaya saboda baƙi. 'Yan makonni ne kawai, mutane su yi haƙuri.

Ina roƙonki kada ki sa ƙafa a aikin nan. Ina so ranar ki zauna kusa da ni a gaba, a inda Baba bai taɓa zama ba.

Ɗanki,
Kenneth.

Tudun Wada, Zariya,
31 ga Maris.

Ɗana,

Salama gare ka. Na yafe batun ƙugiya, ya wuce. Maƙwabta sun yi sallarsu lafiya, Hajiya Zinariya ta aiko da tuwo da miyar taushe har na rasa inda zan sa.

Ban manta kwanon wake ba. Ina bencin mata ranar, na ciji leɓena har ya yi jini. Yayana ne kafin ya zama ubanka. Na karanta wasiƙarka na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Amma ka tuna da kyau su wa suka yi dariyar. Masu bencin gaba ne, kuma su har yau da ruwansu a gida, katangarka ba za ta hana su ko kofi ɗaya ba. Su ne ma za su zo su ci shinkafarka su yaba fenti. Waɗanda za ka rufe wa ƙofa su ne suka yi karo-karon akwatin. Hajiya Zinariya ce ta ɗora tukunya a gidan nan har aka share makoki, ita ce kuma ta riƙa aiko da rigunan da kake jin haushinsu, don kada ka je makaranta da yagaggiya. Wanda ya mare ka daban, wanda za ka rama a kansa daban.

Burtsatse abu ne mai kyau, Allah ya ba ka lada, ka sa sunanka da girman da kake so. Sai dai ƙishi ba ya jiran bayan biki. Watan da za mu shiga shi ne mafi zafi, kai ma a nan aka haife ka. Abu ɗaya nake roƙo: a bar 'yar ƙaramar ƙofa a buɗe daga safe zuwa yamma har ranar da famfonka zai kawo ruwa. Kada a ce rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ka ba ni amsa kafin mako mai tsarki na Ista. Ban saba roƙo ba, ka san haka.

Goggonka,
Jumai.

Tudun Wada, Zariya,
22 ga Afrilu.

Kenneth ɗana,

Almasihu ya tashi. Barka da Ista, kai da Judith da yara. Ina lafiya, gwiwa ce dai ta kumbura, za ka ji dalili.

Na jira amsarka ba ta zo ba. Na aika Kwangila aka tambayi direba, ya ce ba a ba shi komai ba. Sai na gane amsar ce nake gani tana tashi bulo bisa bulo. Katanga ta yi kyau, ba zan rage mata komai ba. Ƙofar ma ta hau, baƙa mai ado, in an turo ta sai ta yi gurnani. Allon dutsenka ya iso tun kafin a gama fenti, an manna shi a waje. Sunanka ya fito raɗau. A ƙarƙashinsa babu famfo, babu tanki, sai ƙasa busasshiya.

Ranar da aka sa kwaɗo mata suka zo da safe yadda suka saba, suka tsaya a bakin ƙofa. Maigadinka ba mugu ba ne, ya ce umarni aka ba shi, yana faɗa yana kallon ƙasa. Ba wadda ta yi faɗa. Sun ɗan tsaya, suka karanta allon, suka juya da bokitansu. Wannan shirun ya fi zagi ciwo. Na gwada ja da kaina ina miƙa wa maigadi yana fitar musu, bokiti kaɗan na yi gwiwa ta ce ita ba da ita ba.

Na kwana biyu ina tunani, ina kuma addu'a kada fushi ya zama shi ne mai ba ni shawara. Ran Asabar na aika aka kira Malam Isiyaku magini. Ka san ɗakin kwanana bayansa lungu ne, ƙofarsa kuma tsakar gida take kallo. Na nuna masa bangon bayan na ce ya fasa.

Ya ce, "Malama, taga kike so?"

Na ce, "Ƙofa."

Ya auna da ido, ya tambaya wane irin ƙyaure za a sa, na katako ko na ƙarfe. Na ce ba za a sa ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tofa yawu a tafinsa ya ɗauki guduma. Da ya gama ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce matarsa ma a nan take ɗiba.

Na san injiniyanka ya riga ya kira ka, amma ka ji daga gare ni. Bangon nawa ne, ɗakin nawa ne, rabona ne daga ubana. Ban taɓa bulonka ko ɗaya ba. Yanzu daga lungu ake shigowa, a ratsa ɗakina, a fita tsakar gida, a ɗebi ruwa, a koma ta inda aka shigo. Da muka dawo sujadar Ista na tarar da layi har bakin titi.

Kada ka ɗauka daɗi nake ji. Na mai da gadona sito kusa da madafa, ni da buhun masara muke kwana, ga zafi ga sauro. Daɓen ɗakin da na yi aure a cikinsa ya zama caɓi. Rediyona ya yi ƙafa tun rana ta biyu, ka ga maganarka ta ɓarayi ba ƙarya ba ce. Intalok ɗinka ma yana shan ruwa, sawun ƙafa ko'ina, wannan kam ka yi haƙuri.

Kanon ya zo jiya. Ya zauna a bakin rijiya ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya roƙe ni in toshe ramin ko da buhu ne har baƙi su tafi, kada a kunyata iyali. Na tambaye shi ranar Lahadin mutane ba za su sha ruwa ba ne? Waɗansu matan zumunta kuma suna cewa ai ga shi ta tabbata, baƙin ciki ne ya sa tsohuwa ta fasa ɗakinta don ta ɓata wa yaro biki. Har an fara raɗe-raɗin a sake uwar zumunta. Su sake. Ba su suka ba ni sunan Kirista ba, ba kuma su za su tambaye ni a ranar ƙarshe wa na shayar ba.

Ran Lahadi zan zo majami'a da zanen zumuntata. In an kira ka gaban bagade zan taso in yi rawa a bayanka da gwiwar nan, in yi guɗa, domin abin da Allah ya yi maka gaskiya ne kuma ina murna da shi har cikin raina. Amma in kun dawo gida cin abinci, baƙinka za su ga mata suna ratsa tsakanin motoci da bokiti a ka. In sun tambaye ka, ka faɗa musu abin da ka ga dama. Kana iya cewa wata tsohuwa ce mai taurin kai. Kana kuma iya cewa haka gidan kakanka yake.

Ranar da famfonka ya kawo ruwa, ni da kaina zan kira Malam Isiyaku ya mayar da bangon. Kafin nan ko hukuma ka kawo, a bakin ramin za ta same ni zaune.

Allah ya kawo ku lafiya. In ka iso, ƙofa biyu ce yanzu a gidan ubanka. Ta gaba sai ka yi hon ka jira a buɗe maka. Ta lungu ba ta da ƙyaure, sai dai ka sunkuya, kuma ka bi layi.

Goggonka,
Jumai.